Zaɓen Allon Kwamfuta Domin Aikin Rubutu da Ɗab'i: Darasi Daga Unguwar Briqueterie ta Yawunde

1.0 Gabatarwa

Wannan takarda ta samo asali ne daga wata asara da na tafka da hannuna. A wata tafiya da na yi zuwa Yawunde, babban birnin Kamaru, domin tattara bayanai a kan Hausar mazauna can, malaman wata makarantar Islamiyya ta dare sun roƙe ni in shirya musu ɗan littafin koyon karatun boko na yara. Na rubuta shi da hannu, na kai wani shagon buga takardu a unguwar Briqueterie. Yaron shagon ya buga, muka zauna ni da shi a gaban kwamfutarsa muka bi shafukan ɗaya bayan ɗaya, na ce ya yi, a ɗab'a. Sai da aka kawo kwafi 300 a ɗaure, na buɗe shafi na huɗu, na ga an rubuta "mun yi baki" a inda ake nufin "mun yi baƙi". A wani shafin kuma ƙafa ta koma kafa, ƙare ya koma kare. Littafin da aka yi musamman don a koya wa yara bambancin k da ƙ, shi ne ya fito ba bambancin.

Na koma shagon raina a ɓace. Yaron ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Malam, ai tare muka duba." Na rasa ta cewa, domin gaskiya ya faɗa. Madannan kwamfutarsa na Faransanci ne, ba su da ƙ ko ɗ ko ɓ, don haka sai ya gama bugu sannan ya riƙa bi yana saka masu ƙugiyar ɗaya-ɗaya. Ya tsallake wasu. Allon da muka yi duban a kansa kuwa tsohuwar talabijin ce mai inci 32 da ya haɗa da kwamfutar, kuma a kanta k da ƙ duk kusan kamarsu ɗaya.

Ɗalibin harshe a yau yana shafe sa'o'i a gaban allon kwamfuta fiye da yadda yake yi a gaban littafi. Saboda haka wannan takarda za ta yi bayani a kan abin da ake nufi da allo mai yawan ɗigo, da yadda ake auna shi, da abin da ya kamata mai aikin rubutu ko ɗab'i ko nazarin ajami ya lura da shi kafin ya fitar da kuɗinsa. A nan, kalmar "allo" na nufin gilashin nan da kwamfuta ke nuna rubutu da hoto a kansa, wanda wasu ke kira sikirin ko fuskar kwamfuta.

2.0 Unguwar da Sana'o'inta

Briqueterie tana cikin gunduma ta biyu ta birnin Yawunde, kusa da Tsinga, ba nisa da kasuwar Mokolo. Sunan na Faransanci ne, ma'anarsa wurin yin bulo, kuma mutanen gari kan taƙaita shi su ce Birik. Fataken Hausawa sun fara zama a Yawunde tun zamanin mulkin Jamusawa, daga baya unguwar ta zama matattarar Musulmin birnin: Hausawa da Fulani da Barebari da Bamun da baƙi daga Nijar da Nijeriya da Mali. An san ta da masu sayar da shadda da atamfa, da teloli da masu surfani, da 'yan tsire waɗanda mutanen Kamaru ke kiran namansu "soya".

Abin da ya shafe mu shi ne ƙananan shagunan da ke tsakanin waɗannan: masu buga wasiƙa da takardar neman aiki, masu katin gayyatar ɗaurin aure da suna, masu kalanda da allon talla, da masu ɗaukar hoto. Shago guda yakan karɓi aiki da Faransanci da safe, da rana a kawo masa na Larabci, da yamma na Hausa ko Fulatanci. Fulatanci ma yana da ɓ da ɗ da ƴ da ŋ, kuma waɗannan haruffa duk suna cikin abacadan bai-ɗaya na harsunan Kamaru wanda aka amince da shi a 1979. Ke nan matsalar da ta same ni tana jiran duk wanda ya kai aikin harshen gida irin waɗannan shaguna.

3.0 Ɗigo da Yadda Ake Ƙidaya Shi

Duk abin da allo ke nunawa, harafi ne ko hoto, an gina shi ne da ƙananan ɗigo waɗanda aka jera layi-layi, kamar yadda masaƙi ke haɗa zaren tsaye da na kwance ya fitar da ado. Masu sana'ar suna kiran kowane ɗigo fiksel. A cikin kowane ɗigo akwai 'yan fitilu uku, ja da kore da shuɗi, kuma daga cakuɗa ƙarfin haskensu ake samun kowane launi. Idan aka ce allo 1920 x 1080 ne, ana nufin yana da ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye. In aka ninka, za a sami 2,073,600.

Allon VGA da kamfanin IBM ya fito da shi a 1987 ɗigo 640 x 480 yake nunawa. Da yawa daga cikin kwamfutocin cinya na gwanjo da ɗalibanmu ke riƙewa 1366 x 768 ne. Waɗanda mai saye zai tarar a kasuwa yanzu galibi uku ne. Na farko shi ne 1920 x 1080 da aka ambata, wanda ake rubuta wa Full HD a jikin kwali. Na biyu 2560 x 1440, wato QHD, mai ɗigo 3,686,400. Na uku 3840 x 2160, wato 4K, mai ɗigo 8,294,400, ninki huɗu cif na na farko. Akwai na 5120 x 2880 da Apple ya saka a kwamfutarsa iMac a 2014, amma wannan ya fi ƙarfin aljihun yawancinmu.

To, a nan ne mutane da dama ke ruɗuwa. Yawan ɗigo shi kaɗai ba ya gaya wa mutum ko rubutu zai fito tangaran. Dole a haɗa shi da girman allon. Ana auna girman allo ne da inci, daga kusurwar ƙasa ta hagu zuwa kusurwar sama ta dama, kuma inci ɗaya santimita 2.54 ne. Idan aka shimfiɗa ɗigo miliyan biyu a allo mai inci 24, kowane inci zai sami ɗigo kusan 92. Idan aka shimfiɗa waɗannan ɗigo ɗin dai a allo mai inci 27, kowane inci zai sami 82 ne kawai. Allon ya ƙara girma, rubutun ya ƙara dishi-dishi. Kamar mai tuwo ne ya ƙara ruwa a miya don ta kai wa baƙi: kwanon ya cika, ɗanɗanon ya ragu.

Ɗalibin da ke son ya yi lissafin da kansa, ga yadda ake yi. Ya ninka adadin kwance da kansa, ya ninka na tsaye da kansa, ya haɗa su, ya fitar da tushen murabba'in jimillar, sannan ya raba da incin allon. Alal misali, ga allon 4K tushen yakan ba da 4406. In aka raba da 27, za a sami ɗigo 163 a kowane inci. QHD mai inci 27 yana ba da 109. Ita kuwa talabijin ɗin shagon da ta jawo mini asara, 1366 x 768 ce a inci 32, wato ɗigo 49 kacal a kowane inci. Da na yi wannan lissafi daga baya, sai na daina ganin laifin idona.

Wane adadi ne ya isa? Lafiyayyen ido yana iya rarrabe abubuwa biyu da ke da tazarar kashi ɗaya cikin sittin na digiri ɗaya a tsakaninsu. Mutumin da ya zauna santimita 60 daga allo, wannan tazara ta yi daidai da milimita 0.175, wato ɗigo kusan 145 a inci. Abin da ya haura wannan, ido ba ya ƙara ganin ɗigon ɗaiɗaiku, sai dai ya ga layi sumul kamar na biro. Wannan ne dalilin da ya sa wayar hannu, wadda ake riƙewa dab da fuska, take buƙatar cunkoson ɗigo fiye da allon tebur. Wayar iPhone 4 ta 2010 ɗigo 326 ce a inci. Shi ya sa kuma ɗalibi kan yi mamaki ya ga rubutu ya fi fitowa a 'yar wayarsa fiye da a babban allon ɗakin kwamfuta.

4.0 Ƙugiya, Karin Sauti da Ɗigon Ajami

Yanzu mu dawo kan namu aikin. Masu ɗab'i suna auna girman harafi da ma'aunin da 72 ɗinsa ke yin inci ɗaya. Rubutu mai lamba 10, irin na ƙamus ko na bayanin ƙasan shafi, idan aka nuna shi da ainihin girmansa a allo mai ɗigo 92 a inci, tsayin gurbin harafin gaba ɗaya bai wuce ɗigo 13 ba. A cikin waɗannan 13 ne za a fitar da jikin k, da sandarsa, da ƙugiyar da ke kan sandar. Ƙugiyar ba za ta sami fiye da ɗigo biyu ko uku ba. A allon 4K mai inci 27, wannan harafin dai zai sami ɗigo 23, ƙugiyar ta sami wurin lanƙwasawa. A talabijin ɗin can kuwa ɗigo 7 ne duka-duka.

Lamarin ya fi tsanani ga ɗalibin da ke nazarin tsarin sauti. A rubutun yau da kullum ba mu nuna karin sauti ko tsawon wasali, amma a rubutun nazari dole ne. Tsarin da aka fi bi, irin na ƙamus ɗin Paul Newman, shi ne a ja gajeren layi a kan dogon wasali, a sa alamar da ta karkata hagu a kan wasali mai karin ƙasa, a sa 'yar hula a kan mai karin faɗau. Sau da yawa wasali ɗaya kan ɗauki alama biyu, ɗaya bisa ɗaya. Bambancin gado na kwanciya da gado na dukiyar mamaci yana rataye ne a kan waɗannan 'yan alamomi. Na sha gyara kundin ɗalibai inda alamun suka cakuɗe, in na tambaya sai ɗalibi ya rantse shi daidai ya gani. Da na fara zuwa ina duba kwamfutocin da suke aiki da su, sai na rage faɗa.

A nan ya kamata a yi wata togaciya. Allo mai kyau ba ya gyara harafin da tun asali ba a zana shi da kyau ba. Lokacin da nake karatu a Turai, mukan sami takardu daga gida waɗanda aka buga ƙ ɗinsu da wani zubin haruffa na musamman da babu shi a kwamfutar da ke gabanmu, sai mu ga akwati ko alamar tambaya a gurbin kowace ƙugiya. Tsarin Unicode, wanda ya fara fitowa a 1991, shi ne ya ba ɓ da ɗ da ƙ da ƴ lambarsu ta dindindin da kowace kwamfuta za ta gane, ko da yake an ɗauki shekaru kafin mutanenmu su koma kansa. Ƙungiyar SIL, wadda ke da cibiya a nan Yawunde, ta fitar da zubin haruffa kyauta irin su Charis da Doulos, waɗanda ke jera alama kan alama ba tare da sun hau juna ba. Wanda zai yi aikin nazari ya fara da ɗayansu, sannan ya yi maganar allo.

Ajami kuwa, rayuwarsa gaba ɗaya a kan ɗigo take. A rubutun Warshu da muka gada, fa ɗigonta ɗaya ne a ƙasa, ƙaf kuma ɗigonta ɗaya ne a sama, saɓanin rubutun Gabas inda fa ke da ɗaya a sama, ƙaf ke da biyu. Wasalin e ana nuna shi ne da wani ɗigo mai kauri a ƙarƙashin harafi. Tsa tana ɗauke da ɗigo uku. Wanda ke karanta hoton tsohuwar takarda, dole ya iya rarrabe ɗigon alƙalami da kashin ƙuda da hujin gara da tawadar da ta ɓullo daga bayan shafi. Kowane ɗaya daga cikinsu zai iya sauya kalma.

Masu adana tsofaffin rubuce-rubuce, kamar shirin ceto takardun da ke fuskantar lalacewa wanda Laburaren Birtaniya ya fara a 2004, suna neman a ɗauki hoton shafi da aƙalla ɗigo 300 a kowane inci. Shafi mai girman A4 da aka ɗauka haka yakan zama ɗigo 2480 a kwance da 3508 a tsaye. A dubi abin da wannan ke nufi. Allon Full HD ɗigo 1080 gare shi a tsaye. Ko dai mutum ya ga ƙasa da sulusin tsayin shafin da cikakken bayaninsa, ko kuma ya matse shafin ya gan shi duka, kwamfuta ta zubar da mafi yawan ɗigon da aka sha wahalar ɗauka. Amma idan allon 4K ne, kuma ƙafarsa irin wadda ake juyawa ce a tsayar da shi, zai zama 2160 a kwance da 3840 a tsaye, shafin ya shiga kusan da dukkan bayaninsa. A ganina, ga mai nazarin ajami, ƙafa mai juyawa ta fi duk wani ƙyale-ƙyalen da ake rubutawa a jikin kwali. Haka ma mai aiki da Praat, manhajar nazarin sauti ta Paul Boersma da David Weenink na Jami'ar Amsterdam, ko ELAN ta rubuta zance daga bidiyo: shi faɗin allo yake buƙata, domin ya ga jimla sukutum da hoton sautinta ba tare da ja da baya da gaba ba.

5.0 Irin Gilashin da Maganar Launi

Alluna biyu za su iya zama da ɗigo iri ɗaya amma gilashinsu ya bambanta. Mafi araha shi ne TN. Aibinsa shi ne launi na sauyawa da zarar mutum ya ɗan karkata kai ko ya miƙe tsaye. A shagon da mai aiki ke zaune, mai kaya kuma na tsaye a bayansa yana leƙe, su biyun ba launi ɗaya suke gani ba, kuma daga nan rigima ke farawa ranar karɓar kaya. IPS, wanda kamfanin Hitachi ya fara fitarwa a 1996, yana riƙe launinsa ta kowace kusurwa, shi ya sa masu ɗab'i da masu hoto suka fi son sa. VA baƙinsa ya fi na IPS duhu, ya dace da kallon fim, amma launinsa na ɗan gushewa daga gefe. OLED ya fi su duka kyan baƙi, sai dai yana da tsada, kuma abin da ya daɗe a wuri ɗaya a kansa, kamar layin umarnin manhajar rubutu, yana iya barin tabo. Ga mai aikin rubutu na yini guda, IPS nake ba da shawara.

Launi yana da nasa ma'auni. Wanda intanet da yawancin kyamarori ke bi shi ne sRGB, wanda kamfanonin HP da Microsoft suka tsara a 1996. Allon da takardarsa ta nuna yana cika kashi 99 ko 100 cikin ɗari na sRGB ya wadatar da ɗalibi da mai katin gayyata da mai hoton fasfo. Adobe RGB na 1998 ya fi shi faɗi, musamman wajen kore da shuɗi mai ruwan kore, amma amfaninsa sai ga mai aikin manyan maɗaba'u. Kada wanda aikinsa kundin digiri ne ya biya kuɗin abin da ba zai taɓa mora ba.

Mai nazarin ajami ma yana da ruwa da launi. A Alƙur'anan da mahaddatanmu ke rubutawa da hannu, jikin harafi baƙi ne, wasulla ja, hamza ruwan ɗorawa, alamar sadarwa kuma kore. Idan takarda ta tsufa, baƙar tawada kan koma ruwan ƙasa, ja kuma ya dushe ya nufo ta. Allon da ba ya rarrabe waɗannan biyu zai sa a ɗauki gyaran da wani ya yi daga baya a matsayin rubutun asali. A nan talabijin ke da wani aibi na biyu, ko da mai yawan ɗigo ce. Da yawansu, in ba an sa su a yanayin kwamfuta ba, suna rage bayanin launi su bar na haske, domin a fim ido ba ya lura. A kan siririn jan rubutu kuwa abin yakan fito fili, gefen harafin ya jiƙe kamar an ɗiga masa ruwa.

Abu ɗaya da kowane mai shagon ɗab'i ya sani, amma masu kawo aiki ba su yarda ba: abin da aka gani a allo ba zai taɓa zama daidai da abin da ya fito a takarda ba. Allo haske yake fitarwa da launi uku. Injin ɗab'i tawada yake zubawa mai launi huɗu, takarda kuma ta dogara da hasken ɗaki. Uwar amarya ta zaɓi shuɗi mai ƙyalli don ya dace da shaddar anko, katin ya fito da shuɗi mai duhu. Ana rage wannan giɓi ta hanyar rage hasken allo, domin daga masana'anta sukan zo da haske fiye da kima. Masu aikin ɗab'i kan tsayar da shi wajen 120 a ma'aunin da ake rubutawa cd/m². Akwai kuma 'yar na'urar da ake ratayawa a fuskar allo ta daidaita launinsa. Wanda ba shi da ita, ya buga gwaji ɗaya a ainihin takardar da za a yi aikin, mai kaya ya gani ya amince kafin a saki injin. Da na nemi wannan gwaji, da kwafi ɗaya na yi asara.

6.0 Waya da Ƙarfin Kwamfuta

Wannan sashe gajere ne amma nan kuɗi ke salwanta. Allon 4K ba ya aiki da kowace kwamfuta. Tsohuwar wayar VGA mai shuɗin kai ba ta ɗaukarsa. HDMI 1.4 tana ɗauka, amma sau 30 kawai take sabunta hoton a daƙiƙa, sai a ga kibiyar linzami na tafiya tana tsalle. Ana buƙatar HDMI 2.0, wadda ta fito a 2013, ko DisplayPort 1.2, domin a sami sau 60. Yawancin kwamfutocin cinya da aka ƙera kafin wannan lokaci ba su da ko ɗaya. Mai irin wannan kwamfuta, QHD ko Full HD ne daidai da shi.

Har ila yau, wanda ya haɗa 4K karon farko zai ga rubutu ya ƙanƙance kamar ƙwayar gero. Maganinsa shi ne ya shiga saitin Windows ya ɗaga girman nuni zuwa kashi 150. Kada ya rage yawan ɗigon allon don rubutu ya girma, domin yin haka zubar da abin da ya saya ne. Sai dai wasu tsofaffin manhajojin ƙamus da na nazarin harshe ba su san da wannan saiti ba, rubutunsu kan fito a dushe. A gwada su tukuna.

7.0 A Gaban Mai Kaya

Mai neman allo a Yawunde yakan nufi shagunan titin Kennedy a tsakiyar gari, ko wurin masu kayan gwanjo da ake shigowa da su daga Turai. Gwanjo ba abin ƙi ba ne. Allunan ofis na Dell ko HP ko Lenovo da aka yi ritayarsu sau da yawa IPS ne, masu ƙafar da ke hawa da sauka da juyawa, kuma sun fi sabon allo mai arha wanda ba a san asalinsa ba. Abin lura shi ne fitilar da ke bayan gilashin tana tsufa, haskenta ya ragu, farinta ya koma ruwan ɗorawa. Wasu allunan suna nuna adadin sa'o'in da suka yi aiki a cikin jerin saitinsu.

Idan ɗalibi ya tambaye ni me zai saya, nakan tambaye shi aikinsa da kwamfutarsa. Mai rubuta kundi da ƙaramin ƙarfi, inci 24 Full HD na IPS ya ishe shi, in ya so ya riƙa ƙara girman shafi lokacin duba kuskure. Mai shagon buga takardu da kati, inci 27 QHD. Mai ajami da mai shirya ƙamus, inci 27 na 4K mai juyawa, in kwamfutarsa za ta ɗauka. Wanda nake hana kowa shi ne Full HD mai inci 27 ko 32, wanda kuma shi masu kaya suka fi turawa, saboda girmansa na cika ido. A zaɓi gilashi marar ƙyalli, domin shagunan Birik ƙofarsu a buɗe take ga titi, mai ƙyalli kuwa madubi yake zama da rana. A kuma ware wani abu daga kuɗin don na'urar daidaita wuta, domin dawowar lantarki da ƙarfi bayan ɗaukewa ita ke ƙona alluna. Damina biyu ake yi a Yawunde a shekara, laima da jar ƙura kuma ba sa barin kayan lantarki, don haka a rufe allo da ƙyalle in an tashi aiki.

Kada a saya a kwali. A je da kwamfutar da za a yi aikin da ita, da wayarta, a sa mai kaya ya haɗa. A buɗe farin shafi fes ya cika allon, sannan baƙi, sannan ja da kore da shuɗi, ana neman mataccen ɗigo da tabo da hasken da ke tsiyaya daga gefe. A duba saiti a tabbatar yawan ɗigon da kwamfuta ta nuna shi ne wanda aka faɗa, kuma sau 60 ne. Ni nakan tafi da 'yar takarda guda a ma'ajiyar hannu, mai layi uku da rubutu lamba 10: baki da baƙi, kafa da ƙafa, dauri da ɗauri, da kuma hoton shafin ajami ɗaya mai jan wasali. Nakan zauna tazarar kamu ɗaya na hannu in karanta.

A zuwana Yawunde na baya na ba yaron shagon nan wannan takarda. Ya riga ya sauke talabijin ɗin ya mayar da ita ɗaki, ya sayi gwanjon inci 24 mai juyawa. Ya buɗe, ya tsayar da allon, ya karanta layukan uku ba tare da ya matso ba. Sannan ya nuna layi na biyu da yatsa ya ce, "Malam, wannan ƙafar taka ta biyu ma ba ka sa mata ƙugiya ba." Na duba, haka ne.